Kaset na Huɗu

Kakata ce ta ɗora mini wannan kaya, ni kuma na ƙarasa kaina da taurin kai. Ko a gaban wa haka zan faɗa.

Shekarar da aka ba mu jihar Zamfara, kowa a Kaura ya ɗauka shi ma an ba shi wani abu. Mai shayi yana zancen kwangila, ɗan kabu-kabu yana zancen kujerar kansila. Ni a lokacin malamin firamare ne, kuma ni ke jan wata 'yar ƙungiyar wasan kwaikwayo, mu goma sha biyu in an haɗa da masu zuwa kallo su ce su ma 'yan ƙungiya ne. Aikinmu wasa a filin makaranta ranar ba da hutu, ko a kira mu mu faɗakar da jama'a in za a yi rigakafi. Kaset-kaset na Kano sun fara cika gidajen kallo, sai in shiga in zauna ina kallo ina tsaki. Na ce wallahi in dai wannan ne fim, mu ma za mu iya. Labari kawai nake nema, labari kuwa yana cikin gidanmu, a ɗakin da ke jikin rumbu, yana goga goro a magogi don haƙora sun ƙare.

Kakar tawa, wadda ta haifi babana, ba 'yar nan ba ce. Daga ƙasar Faransa suka taso tana budurwa, wato Nijar ta yanzu, shekarar da fara ta cinye musu gero, ga aikin tilas ana kwashe maza. Garinsu ya watse, kowa ya kama gabansa. Su suka biyo ta Jangeru da jakuna biyu, suka yi damina guda a bayan Shinkafi cikin bukkar kara, sannan suka gangaro wajen Zurmi. A bakin wata rijiya can ta haɗu da wani saurayi, shi ma baƙo, yana shayar da shanun mutane. Ya karɓi gugarta zai ja mata ruwa, ta ce ita ma tana da hannu. Daga nan bai sake barinsu ba. Ya biyo su Kaura, ya shiga dakon buhunan gyaɗa a tashar jirgi yana haɗa kayan aure. Sai yaƙin Bama ya taso, aka zo neman majiya ƙarfi a kai su soja, aka sa shi a jirgi. Daga ranar ba wasiƙa, ba saƙon baki, ba ma wanda ya zo ya ce ya ga kabarinsa.

Daga baya ta auri kakana, suka zauna lafiya har ta binne shi. Ba ta taɓa ɓoye labarin ba. Shi kansa kakan namu yakan tsokane ta, in ya ji kukan jirgi ya ce ta leƙa ko sojanta ne.

Na shiga ɗakinta wata Juma'a na zauna a bakin tabarma. Ni da ita wasa muke, tana ce mini angonta, ina ce mata amarya.

“Amarya, zan sa labarinki a talabijin.”

“Ni da wanga baki? Ka ga mai son a yi mai dariya.”

“Ba ke za ki fito ba. Wata za mu samu, mai haƙora.”

Ta jefe ni da ɓawon goro. Ta ci gaba da gogawa, na ɗauka zancen ya wuce, sai ta ce, “To in za ka yi, ka maido min shi.”

Na ce ban gane ba.

“Cikin abin naku. Ba ku ka shirya shi ba? To ka sa shi dawo. Ko da tsuhwa, ko da ƙahwa guda. In gan shi ya iso ya aje akwatinshi, ya ce sannu. Shi kaɗai nika so.”

Na dafa ƙirji na ce in Allah ya yarda sai ta gani da idonta. Na koma ɗaki na rubuta ƙarshen tun kafin in rubuta farkon: zai dawo da furfura, ya neme ta a Kaura ya rasa, ya koma rijiyar nan ta Zurmi, ya iske ta tana jan ruwa, ya karɓi gugar. Wannan karon ba za ta hana shi ba.

Mutum uku ne ƙashin bayan aikin. Wadda ta fito a kakata wata bazawara ce mai yanka kati a asibiti, da 'ya'yanta biyu, muryarta tana kai ƙarshen fili ba lasifika. Saurayin wani mai gyaran rediyo ne, dogo, ko gaisuwa ba ya iya yi sai ya sunkuyar da kai, amma in ya shiga wasa sai ka rantse an canza shi. Na ukun mai kyamara, mutumin kudu ne, Kirista, an haife shi a gidajen ma'aikatan jirgi a nan Kaura, Hausarsa ta fi tawa gishiri. Biki da suna yake ɗauka, mu kuma ya ba mu Asabar ɗin da ba shi da aiki. Oga muke ce masa.

Mu 'yan dandamali ne. A dandamali ana fara wasa daga farko a kai shi ƙarshe, ba a tsallake. Ban san wata hanya ba, ban kuma yarda akwai ta ba. Saboda haka yadda labarin ya zo, haka muka bi shi. Gudun hijira da rani aka yi, muka ɗauke shi da rani a bayan Jangeru, da jakunan aro da ƙore da tuluna, matan Fulani suna tsaye a gefe suna ta dariyar yadda 'yan birni ke ɗaukar kaya. Labari ya ce damina a bayan Shinkafi, muka naɗe hannu wata huɗu muna jiran ruwa, sannan muka je muka kafa bukka ruwa ya dake mu da gaske. Kakata ita ce mai duba sutura. In na kawo zane ta shafa ta ji ba saƙi ba ne, sai ta wurgo shi tsakar gida. Silifas ɗin roba kuwa ta ce duk wanda ya sa ba ta yafe ba. Amma ko minti ɗaya ta ƙi kallo. Ta ce ita ba ta kallon rabi, sai ya dawo.

Rani na biyu muka kai ga rijiya. Mun sami wata tsohuwar rijiya a wani ƙauye kafin ka shiga Zurmi, bakinta na itace, igiya ta ci shi ta yi masa zane-zane. Ranar komai ya yi daɗi. Da mai gyaran rediyo ya kama gugar, matar nan ta ɗago ta harare shi ta ce, “Ni ma ina da hannu.” Muka gama tun rana ba ta yi zafi ba. Ana naɗe igiya Oga ya ja ni gindin wata tsamiya.

“Malam, ba nan za a yi na ƙarshen ba, inda zai dawo?”

“Nan ne.”

“To ga rijiya, ga macen, ga namijin, ga rana, batir da saura. A shafa musu toka a kai mu ɗauke shi yanzu. Minti goma ne.”

Na dube shi sama da ƙasa. Na ce, “Oga, ka san kyamara amma ba ka san wasa ba. Ta yaya za su sake haɗuwa ba su rabu ba? Yau fa suka fara ganin juna! Da wane ido za ta yi kukan shekara arba'in?”

“Haka ake yi a Kano. Daga baya sai a yanka a jera.”

“To nan ba Kano ba ce. Mu ma yanzu jiha gare mu.”

'Yan ƙungiya suka bushe da dariya, ni kuma na ji daɗin kaina ƙwarai. Oga ya rufe idon kyamararsa ya sa ta a jaka. Muka ci ɗanwake a bakin hanya muka hau mota. Minti goma! Na zauna na yi wa wannan minti goma kuka fiye da yadda na yi wa wasu 'yan'uwana da suka mutu, Allah ya yafe mini.

Sai muka koma jiran lokacin gyaɗa, don a labari da cirar gyaɗa suka iso Kaura. Ana cikin wannan jira aka sanar za a ƙaddamar da Shari'a a Gusau. Na je. Ba wanda ya ja ni, da ƙafata na hau bayan a-kori-kura, na sha rana, na yi kabbara har muryata ta dushe, na dawo gida ina murna. Har yau ban ce na yi kuskuren zuwa ba. Abin da ban kawo a raina ba shi ne wai abin zai taɓa fim ɗina. Fim ɗin da ko hannu ba a riƙe ba? Fim ɗin kakata?

Bayan dawowata muka ɗauki rabuwar a tasha. Jirgi ya daɗe da daina zuwa yadda ya saba, sai muka sami wani tsohon tarago da aka yar a gefe, ciyawa ta fito a ƙarƙashinsa. Muka sa mai gyaran rediyo a ciki da wasu samari biyar, aka ƙona tsummoki don hayaƙi. Da yake tarago ba ya motsi, Oga ne ya riƙa ja da baya da kyamara a kafaɗa, ita kuma matar tana bin gefen layin dogo da gudu, zanenta a hannu. Ban ce ta yi kuka ba, ita ta yi abinta. Masu dako na gaske sun taru suna kallo. Wani dattijo a cikinsu ya ce, “Kai, ku bar yarinyar nan hakanan.” Na ce a raina saura fita ɗaya, wato ta dawowarsa. Rani ya shigo, mu koma rijiya, a gama.

Ba wanda ya rubuto mini takarda ya ce in daina, ba wanda ya zo ƙofar gidana. Da ma an yi haka, da na sami wanda zan riƙa zagi. Abin a hankali ya zo. Aka rufe gidajen kallo. Aka raba maza da mata a mota. Masu zuwa gwaji ranar Laraba suka koma takwas, suka koma uku. Wanda ya fito a sarkin dako ya tare ni a masallaci ya ce don Allah in an tashi nuna fim ɗin a cire fuskarsa.

Na je gidan su matar nan, na yi sallama a zaure. Ta fito da hijabi har ƙasa, ta tsaya daga bakin ƙofa, ta gaishe ni da mutunci.

Na ce, “Fita ɗaya ta rage. Ba magana mai yawa, ba kusantar juna. Ki tsaya a bakin rijiya kawai.”

“Malam, na bari.”

“Wani ya hana ki? Faɗa mini in je in same shi.”

“Ba wanda ya hana ni. Ni na duba na ga ya isa. Jiya ɗiyata ta dawo daga islamiyya tana kuka, an ce uwarta 'yar wasa ce mai bin namiji da gudu a tasha. Ni bazawara ce, Malam. Abin da za a faɗa a kanka a manta, ni in an faɗa a kaina ya zauna.”

Na kawo mata zancen kakata, na ce ta tausaya mata. Idonta ya ciko, ta ce in gaishe ta, in ce ta yafe mata. Ta koma ciki. Na so in ji haushinta, wallahi na so, amma na rasa ta inda zan kama.

Na ce to a nemo wata, a ɗauke ta ta baya. Duk Kaura da Shinkafi na rasa macen da za ta tsaya gaban kyamara, ko ta baya ko ta gefe. Har na yi tunanin ɗaura wa wani ƙato zane, mai gyaran rediyo ya ce shi dai a wannan zamani ba za a kama shi a bakin rijiya da namiji cikin zane ba. Ina cikin wannan lalube labarin tashin hankali ya fara zuwa daga wasu garuruwa. Wata safiya aka ce mini Oga yana ɗaure kaya.

Na iske babbar mota a ƙofar gidansa, an ɗora katifu da tukwane da keken ɗinkin matarsa, yaransa suna zaune a saman kaya. Ya ce ba wanda ya taɓa shi, maƙwabta ma roƙonsa suke ya zauna. Amma matarsa ta daina barci, kuma biki ya koma ba kiɗa ba rawa, wa zai kira mai kyamara? Zai tafi garin ubansa, garin da sau biyu ya taɓa zuwa a rayuwarsa. Shekara biyu ina koya wa mutane yadda ake ɗaukar kaya a bar gida, ran nan na ga na gaske, ba wanda ya koya musu.

Ya shiga ɗaki ya fito da kaset uku a leda ya miƙa mini.

“Ba sai an yanka ba,” in ji shi. “Yadda ka jera su haka suke. Ka sa na ɗaya, ka sa na biyu, ka sa na uku.”

Na tsaya ina jira ya ce da ka ji maganata. Bai faɗa ba. Ya rungume ni, ya hau gaban mota, kyamarar tana kan cinyarsa. Da ya faɗa ɗin da na fi samun sauƙi.

Na ɓoye kaset ɗin a ƙasan akwati wata da watanni. Kullum ina cewa abin zai lafa, za a sami wata kyamara, za a sami wata mace. Ba a samu ba. Yau kuwa ko an ba ni duka biyun ba inda za ni, ƙauyen da rijiyar take ya tashi, hanyar ma ba ta biyuwa.

Ƙarfin kakata ya fara raguwa, ta daina fitowa tsakar gida. Wata rana ta ce, “Angona, ko sai na mutu za a nuna ma kushewata?” Sai na ga gara ta ga abin da ke akwai. Na aro bidiyo da talabijin da ɗan janareto, bayan azahar muka saki labulen ɗakinta, matan gida suka cika shi. Na zaunar da ita dab da gilashin don idonta ya yi rauni. Ban gaya mata komai ba. Na yi niyya, bakina ya ƙi.

Da ta ga jakuna sun fito daga bayan Jangeru ta ce, “Namu sun hi wanga rama.” Da aka zo bukka ta kira sunan ƙanenta da ya mutu a can, wanda ni ban ma san da shi ba. Da aka zo rijiya ta kama baki tana dariya, ta ce, “Ya hi shi tsawo, amma bai kai shi kyau ba.” A kaset na uku ta daina magana. Hayaƙi ya tashi, tarago ya yi nisa, matar nan tana gudu tana gudu, har ta durƙushe a kan duwatsun layin dogo. Daga nan gilashi ya koma yayyafi, sai ƙara shuuu.

Mata suka fara tashi ɗaya bayan ɗaya suna share ido. Ita ba ta motsa ba, tana kallon yayyafin nan. Na miƙa hannu zan kashe, ta buge hannuna.

“Bari mana. Ina sauran?”

A nan ya kamata in durƙusa in ce amarya, na yi wauta, an ce in ɗauka na ƙi. Abin da ya fito daga bakina shi ne, “Akwai kaset na huɗu. Yana Kano ana gyara shi.”

Ta juyo gaba ɗaya. “Ya dawo ciki?”

“Ya dawo.”

“Da ƙahwahunshi duka?”

“Duka biyu.”

“Ya tsuhwa?”

“Kansa fari fat.”

Ta yi dariya har da tari, ta ce Allah shi ƙara mai, shi da ke mata gorin zai dawo ya iske ta ta tsufa. Ranar ta ci tuwo da yawa, har ta nemi ƙari.

Daga nan kowace Juma'a in na shiga gaishe ta sai ta tambaya. Na ce injin gyaran ya lalace. Na ce mai gyaran ya yi tafiya. Na ce an ba wani direba ya manta da shi a Gusau. Ni da nake dukan yara a aji in sun yi ƙarya, na zama gwaninta, har ina shirya ta tun daga masallaci. Duk gidan sun sani, kowa ya kama bakinsa. Matata ce kawai ta tare ni a bayan ɗaki ta ce, “Ka ji tsoron Allah ka gaya wa tsohuwar nan gaskiya.” Na daka mata tsawa na ce ta shiga ta gaya mata in tana iyawa. Ita ma ba ta iya ba.

Ciwon ajalinta bai yi tsawo ba. Ranar da na ga jikin ya yi nauyi na dawo daga makaranta ban ko cire takalmi a ɗakina ba, na wuce wurinta. La'asar ta yi, an kwantar da ita a kan gado, ta rame har zoben hannunta yana juyawa. Na zauna, ta laluba ta kama wuyan hannuna.

“Angona.”

“Na'am, amarya.”

“Kaset ɗin nan hwa?”

“Yana hanya. Wannan karon an tabbatar mini, yana hanya.”

Ta daɗe tana kallona. Ba fushi a fuskarta, ko kaɗan, kuma ba ta saki hannuna ba.

“Awo,” ta ce. “Shi ma hakanan anka riƙa ce min.”

Ta juya fuska wajen bango, ta ce in ja mata mayafi, ƙafafunta na jin sanyi. Kwana uku ta ƙara a duniya, ba ta sake tambayata ba.